Bafaranshen Al-Sadd Ya Hau Keke

A unguwar Al-Sadd ta birnin Doha, a wani dogon bene da baƙi suke haya, an yi wani saurayi Bakano mai suna Sharafaddeen. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi, a kan wani abu da ya shafi ruwan teku, ko iskar gas ce, ɗaya daga cikin biyun dai. Yaro ne mai kirki, mai girmama na gaba, ba ya wasa da salla. Aibinsa guda ne: duk abin da idonsa ya gani sau biyu, to a wurinsa ya iya shi ke nan.

Shekarar da annobar korona ta kulle mutane a ɗakuna, wani maƙwabcinsa ɗan Filifin ya tattara kayansa zai koma gida, ya bar masa keken motsa jiki, irin wanda ake kafewa a tsakar ɗaki a yi ta tuƙi ba a zuwa ko'ina. Sharafaddeen ya ja shi gaban talabijin. Cikin lalube-lalubensa sai ya faɗa kan bidiyon wasu masu hawan keke a ƙauyukan Faransa, waɗanda suke ɗaura kamara a goshi, su bi siraran hanyoyi cikin kurmi, su hau tudu, su gangara kwari, ganye na shafar fuska, shanu na kallonsu ta bayan shinge. Daga ranar nan ya samu sana'a. Kullum bayan la'asar sai ya kunna bidiyo, ya saita fanka a fuskarsa, ya ɗare sirdi. In hanya ta yi kwana ya karkata, in reshe ya taho ya sunkuya, in an zo tudu ya murɗa wani maɓalli da ke tsakanin gwiwoyinsa, feda ta yi nauyi, ya yi ta nishi. In ya gaji kuwa sai ya daina juya ƙafa, keke ya tsaya cak, ya sha ruwa.

Wata rana ya juya wa talabijin baya ya ɗauki hoton kansa, gumi na tsiyaya, kurmin Faransa kore shar a bayansa. Ya tura zauren waya na 'yan Arewa mazauna Doha, ya rubuta a ƙasa, "Yau mun sha tudu." Bai ce ya je ba, bai kuma ce bai je ba. Hoto ya bi waya-waya har ya isa Najeriya. Kafin a buɗe gari a koma ziyara, shi kansa Sharafaddeen ya daina bambance inda talabijin ta ƙare da inda Faransa ta fara. Ko shayi aka miƙa masa sai ya ce, "A Faransa ba haka muke sha ba."

Ƙofarsa tana kallon ta Jesse, wani Bazazzage ɗan Wusasa da ke aikin gwajin jini a asibiti. Matar Jesse, Caroline, nas ce, amma kowa Maman Jael yake ce mata. To kun san tsakanin Bakano da Bazazzage, ba a haɗuwa a rabu ba a ja juna ba. Ga shi kuma Jesse ne ya kama wa Sharafaddeen keken nan suka shigar da shi ɗaki, don haka ya san Faransar tun daga tushe. Shi ya laƙa masa suna Bafaranshe.

"Bafaranshe, an dawo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baban Jael. Yau akwai hazo a saman dutse."

"Allah Sarki. Ka goge gilashin talabijin ɗin mana, hazon zai tafi."

"Hassada ce ke damunka. Kai iyakarka dutsen Kufena na garinku."

"Ni dai Kufenar da ƙafata na hau ta, ba da rimot ba."

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Amma akwai Firdaus. Yarinya ce mai natsuwa, tana karatun digiri na biyu a fannin lafiya, Sharafaddeen kuma ya daɗe yana nemanta, ta kuwa amince. Saura mahaifinta, Alhaji Ja'afaru, wani dattijo da ke Azare, ko Misau ce, can wajajen dai. Shi Alhaji Ja'afaru mutum ne da keke ya shiga ransa tun yana saurayi. A kan keke ya yi fatauci, a kan keke ya yi zancen mahaifiyar Firdaus, har gobe kuma tsohon kekensa yana jingine a zaure ana goge shi da man ja. Ra'ayinsa shi ne halin namiji a kan sirdi yake fitowa: mai gaggawa, mai tsoro, mai raini, duk keke zai tona su. Wata gwaggon Firdaus ce ta nuna masa hoton nan.

Sai ga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta zo Doha. Firdaus ta samo wa mahaifinta tikiti da izinin shiga ƙasa. Shi ƙwallo ba ta dame shi ba, 'yarsa zai gani. Ya ce mata a waya, "Yaron nan mai hawan duwatsun Faransa, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na gan shi a kan keke da idona. In na gani, a nan zan yanke magana."

Firdaus ta riga ta ji komai daga bakin Maman Jael. Ta sami Sharafaddeen a wani shagon shayi ta ce, "Malam, don Allah in Baba ya zo ka gaya masa gaskiya."

"Wace gaskiya, Hajiyata? Tun korona nake kan keke."

"Keken da ba ya tafiya."

"Ƙasa ce ba ta tafiya. Ni ina tafiya."

"Ka taɓa hawa mai taya biyu?"

Gaskiyar magana, bai taɓa ba. Shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarsa, tun yana ƙarami ta rantse ba zai hau abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba. Amma sai ya kurɓi shayi ya ce, "Keke ai keke ne. Sirdi, feda, ƙafa. Taya kuma aikinta ta bi umarni."

"Malam, Baba fa in ya ce a'a, ya ce ke nan. Ban taɓa ganin ya janye magana ba."

"Ki sa ranki a inuwa. Ki dai tanadi ruwan sanyi, don in Baba ya ga saukowata sai an yayyafa masa."

Washegari ya roƙi Jesse ya raka shi sayen keke. Suka shiga jirgin ƙasa, suka sauka a Mushairib za su canja layi. Tashar ta cika maƙil da 'yan kallon ƙwallo, kowa da tutarsa da gangarsa. Can sai ga wani gungu cikin shuɗɗan riguna suna waƙa.

Jesse ya ce, "Alhamdu lillahi, ga 'yan garinku nan."

"Bari, sauri muke."

Ina! Jesse ya riga ya kamo hannun wani jibgegen Bafaranshe mai jan gemu, ya gaya masa da Turanci cewa wannan bawan Allah babu tudun ƙasarsu da bai hau da keke ba. Mutumin ya yi ihun murna, ya rungume Sharafaddeen, ya kira abokansa, suka kewaye shi suna zuba masa Faransanci kamar an kunna famfo. Sharafaddeen kuwa duk abin da ya tsinta a bidiyo kalma ɗaya ce da masu keke suke ihu da ita. Ya ce, "Ale! Ale!" Suka amsa gaba ɗaya, "Ale!" Sannan suka zuba masa ido suna jiran sauran.

Sai ya laluba aljihu ya zaro wani tsohon takunkumi da ya yamutse, ya rufe baki da hanci, ya saki wani tari tun daga cibiya. Mutane ba su manta da korona ba. Kafin ya yi na biyu, an ba shi fili kamar za a yi dambe.

Da suka shiga jirgi ya cire takunkumi ya ce, "Wannan Faransancin birni ne. Ni na ƙauye na iya."

Suka dawo da keke a bayan tasi, ja wur, mai kaurin taya, irin na hawan dutse. Aka hau da shi bene. A bakin ƙofa Sharafaddeen ya sake shi don ya laluba mukulli, keke ya kife a kan ƙafarsa.

"Innalillahi! Sun sayar mini da mai lahani. Ba ya tsayuwa."

Jesse ya ce, "Haka aka halicce su, mutumina. Kai ne za ka tsayar da shi."

"To ina maɓallin nauyi?"

"Babu. Ga dai birki nan, dama da hagu. Zo in nuna maka, in riƙe maka sirdi ka koyi tafiya."

"Ka riƙe mini sirdi? Ni? Bazazzage ya koya wa Bakano keke? Birkin nan ma a Faransa ba mu cika taɓa shi ba. Matsa."

Dogon lungun da ke tsakanin ɗakuna shi ya zaɓa ya zama filin gwaji. Ya hau, ya taka feda da ƙarfin da ya saba. Keke ya zabura. Bangon dama ya karɓe shi ya miƙa wa na hagu, na hagu ya mayar wa na dama. Ya tarwatsa takalman wasu Indiyawa da ke jere a bakin ƙofa, ya ɗauke shanyar wata Bamisriya da kansa, zanen gado ya lulluɓe masa fuska. Daidai nan ƙofar lif ta buɗe, Maman Jael ta fito daga aiki da kiret ɗin ƙwai a hannu. Ta manne da bango tana salati irin nasu. Ƙwai dai bai tsira ba. Sharafaddeen ya wuce ta ya shige lif da keke da zanen gado, ƙofa ta rufe, lif ya sauka da shi ƙasa.

A ƙasa ƙofa ta buɗe a gaban mai gadin benen, wani ɗan Nepal mai haƙuri. Ya ɗaga zanen ya leƙa, ya ga fuska. Ya ce da guntun Larabcinsa, wai ya isa haka, "Halas! Keke babu ciki. Halas!"

Da ya hawo, Maman Jael tana tsaye da kwanson ƙwai a takalmi. Ta ce, "Sharafu, ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan tana sonka. Je ka faɗa wa tsohon nan gaskiya tun ƙasusuwanka suna haɗe."

"Maman Jael, ki yi haƙuri da ƙwai. Amma yanzu na gano matsalar. Fili ne. Ni ban saba da fili ba, ɗan tudu ne ni. Duk bidiyon... duk tafiyar da na yi, daga sama ake farawa. In akwai gangara, keke shi zai kai kansa, ni nawa salo ne kawai."

Jesse ya ce, "Wallahi wannan gaskiya ne. Zai kai kansa. Inda zai kai ka ne ban sani ba."

To sai neman tudu. Doha kuwa gari ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ya tambayi wani direban tasi inda duwatsu suke, direba ya kai shi wajen masu sayar da tsakuwar gini. Ya gwada gangaren da motoci ke bi su shiga ƙarƙashin wani kanti, masu gadi suka rako shi waje tun bai ɗora ƙafa ba. Daga ƙarshe Maman Jael ce, da ta ga ba zai ji magana ba, ta ce gara ya faɗi a kan ciyawa. Ta gaya masa akwai wani lambun shaƙatawa a bakin teku inda aka tara ƙasa aka yi tudu, aka shuka masa ciyawa. Ya je ya gani ya dawo yana taɓe baki. "A Faransa wannan kunyar gyaɗa ce. Amma za a yi maneji."

Ranar da Alhaji Ja'afaru ya sauka a filin jirgin Hamad, Sharafaddeen ya raka Firdaus tarya. Yana hango dattijon ya tuɓe takalma a tsakiyar jama'a, ya durƙusa har ƙasa ya kwashi gaisuwa, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. Alhaji ya ji daɗin wannan. Ya ce ya tashi, ya dubi ƙafafunsa, ya sa sanda ya ɗan taɓa ƙwaurinsa.

"Lalle wannan ƙafar ta sha feda."

Wannan kam gaskiya ne, ƙafa ta sha feda. Sharafaddeen ya kalli Firdaus ta gefen ido, kansa ya ƙara girma.

Alhaji ya ce, "Wane gari ka fi so a can Faransar?"

"Baba, ai mu ba ma shiga gari. Daji muke bi."

"Madalla. Ran Juma'a sai mu gani."

Ran Juma'a bayan la'asar 'yan Arewa suka hallara a lambun nan, har da waɗanda ba a gayyata ba, don Jesse ya baza labari. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tudu. Maman Jael ta kawo soyayyiyar masa, wata ta kawo zoɓo, aka cika fulas da shayin karak, wanda mutanen Doha suke dafawa da madara. Aka sa wa Alhaji kujera a gaba. Makon nan kowa Maroko yake goyon baya, sai Sharafaddeen kaɗai, wanda Jesse ya ɗaure wa tutar Faransa a bayan sirdi. Tutar nan ta jawo wasu masu shuɗɗan riguna da ke shan iska a gefe, suka matso su ga ɗan'uwa.

Sai ga gwani ya iso. Masu keken bidiyo matsattsun kaya suke sawa, amma wa zai tsaya gaban suruki da gajeren wando? Babbar riga ya sa ta shadda, fara ƙal, ta sha sitaci tana ƙara. Ya kafa hula, sannan ya ɗora hular kwano a kan hular, ya ɗaure a haɓa.

Firdaus ta matso ta ce a hankali, "Malam, har yanzu da sauran dama."

"Hajiyata, ruwan sanyin yana kusa?"

Ya tura keke zuwa saman tudu. Daga ƙasa kunyar gyaɗa ce, amma da ya kai sama ya waiwayo sai ya ga mutane sun zama ƙanana, teku kuma ta matso. Ya tattara riga ya aza a kafaɗa, ya ɗora ƙafa ɗaya. Yana cikin tunanin ko ya ce iska ba ta dace ba, sai Faransawan nan suka ɗauki ihu daga ƙasa, "Ale! Ale!" Wasu yaran Larabawa suka karɓa, "Yalla! Yalla!" Ya ce bismillahi, ya ɗaga ɗaya ƙafar.

Abin mamaki, keke ya tafi. Ya miƙe sak kamar an ja masa layi. Iska ta bugi fuskarsa, wadda ta fi ta fanka daɗi nesa ba kusa ba. Ciyawa na gudu a ƙarƙashinsa. Sharafaddeen ya ji wani farin ciki ya cika masa ƙirji, ya ce a ransa, ashe dai na iya! Ya ƙara taka feda. Jesse ma sai da ya miƙe tsaye, masa a hannu, baki buɗe.

Riga ta zame daga kafaɗa, iska ta shige ta, ta kumbura kamar tantin biki. Gudu ya ƙaru. Sharafaddeen ya ga ya isa haka, ya daina juya ƙafa don keke ya tsaya.

Keke bai tsaya ba.

Ya sake dainawa, da ƙarfi wannan karon. Keke ya ƙara wuta. Ya sunkuya yana laluben maɓalli tsakanin gwiwoyinsa.

Jesse ya ƙwala ihu, "Birki! Bafaranshe, birki!"

"Yana ina?"

"A hannunka!"

Ya dubi hannunsa, ya ɗago kai, sai ya ga abin da ya fi gudun tayar masa da hankali. Keke ya nufi tabarmi, ga Alhaji Ja'afaru a kan kujera, ya ɗaga sanda yana murmushi, yana cewa, "Sannu, yaro! Sannu da ƙoƙari!"

Babba ya gaishe shi. Surukin da yake nema, a gaban jama'a, shi kuma yana bisa abin hawa, da takalmi a ƙafa! Duk tarbiyyar da aka yi masa a Kano ta taso masa lokaci guda, ta ture maganar birki gefe. Ya yarfar da takalmin dama, ya tashi sama ya sauka cikin zoɓo. Ya yarfar da na hagu, ya sami wani Bafaranshe a ƙirji. Ya saki kan keke, ya haɗa hannu biyu a gaba, ya zame daga sirdi yana neman durƙusawa a kan ƙarfen tsakiya.

"Baba, barka da yamma! Mun same ku lafi..."

Mata suka watse da mayafai a hannu. Keke ya shafi gefen kujerar Alhaji, ya bi ta kan tiren masa, ya yi ƙwallo da fulas ɗin shayi. Bakin riga ya shige sarƙa, aka ji ɓaaar, rabin shadda ta zauna a baya. Sharafaddeen ya wuce yana waiwaye, hannu a haɗe, don bai gama gaisuwa ba.

"Ya gajiyar tafiya, Baba? Ya mutanen gi..."

A ƙarshen ciyawar akwai shingen furanni, a bayan shingen kuma wani ɗan tafki da aka yi don ado, ruwansa iya gwiwa. Keke ya tsaya a shinge. Sharafaddeen bai tsaya ba.

Aka ji tsulum. Agwagin da ke wurin suka tashi suna zage-zage.

Jama'a suka ruga. Aka same shi zaune cikin ruwa, hular kwano ta rufe ido ɗaya, hular ƙasa ta leƙo ta gefe, ganye a baki. Maman Jael ta tuɓe takalmi ta shiga, ta lallatsa shi tun daga wuya har idon sawu.

"Nan da zafi?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Wayyo! A'a."

"Targaɗe ne. Ka gode wa Allah da ciyawa da ni."

Faransawa kuwa tafi suke ta yi, waya a sama. Wanda takalmi ya samu ya kawo masa abinsa da hannu biyu, ya tambaya da Turanci, tsakaninsa da Allah, a wane yanki na ƙasarsu ake wannan salon na sakin hannu da jefa takalmi, don shi bai taɓa gani ba. Jesse ya fassara wa jama'a da Hausa, da ƙarfi, har da ƙari. Sharafaddeen ya laluba aljihu, takunkumi ya jiƙe sharkaf.

Sai aka buɗa hanya. Alhaji Ja'afaru ya taho a hankali yana dogara sanda, shayi ya ɓata masa gefen riga, Firdaus na biye da shi ta rufe rabin fuska da mayafi. Sharafaddeen ya yunƙura daga zaune ya koma durƙuso, a cikin ruwan.

Alhaji ya ce, "Lafiya lau muka zo. Mutanen gida suna lafiya. Na amsa maka, kada ka ce ban amsa ba."

"Na gode, Baba."

"Yanzu ni ma in tambaye ka. Yaro, ka taɓa zuwa Faransa?"

Sharafaddeen ya dubi Jesse, Jesse ya dubi sama. Ya dubi Firdaus, ta zuba masa ido ba ta ƙifta ba. Ya tofar da ganyen da ke bakinsa.

"Baba, ita ce take zuwa wurina. Kullum bayan la'asar."

"A ina?"

"A talabijin, Baba."

"Keken fa?"

"Na ɗaki ne. Ba shi da taya."

"To wannan hawan na yau shi ne na nawa?"

"In an cire na cikin lif, shi ne na farko."

Wani ya fashe da dariya a baya, aka ce masa shit. Alhaji bai yi dariya ba, sai dai gemunsa yana rawa. Ya daɗe yana kallon keken da ke maƙale a shinge, taya ɗaya na juyawa ita kaɗai. Sannan ya ce, "Na ga mutane da yawa sun faɗi a keke. Kowa in zai faɗi kansa yake tarewa. Ban taɓa ganin wanda ya saki kan keke don ya gaishe ni ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Firdausi, kin san duk wannan?"

"Na sani, Baba."

"Cika bakin fa?"

"Shi ma na sani. Ina ta fama."

"Kuma kin ji kin gani?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe sauran fuskar. Maman Jael ta rangaɗa guɗa daga cikin tafki, Faransawa suka ɗauka wani sabon taken ƙwallo ne, suka taya ta.

Sharafaddeen ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya gyara hular kwano ya ce, "Baba, da ma ciyawar ce ba irin ta can ba. In aka ba ni dama na sake hawa..."

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "A'a!"

Alhaji ya miƙa masa kan sanda ya kama, aka jawo shi waje, ruwa na zuba daga abin da ya rage na shadda.

"In na koma gida ka turo magabatanka."

"Allah ya ƙara girma, Baba! Allah ya ja kwana!"

"Amin. Amma ka gaya musu," in ji Alhaji, yana matse shayi daga gefen rigarsa, "su zo da ƙafa."